LAUYAN BIRNI: WA YA ƊAUKE SHI, NAWA AKE BIYAN SHI?

Duk wanda ya taɓa riƙa takardar kasafin kuɗin wani birni daga cikin biranen ƙasar nan, wato abin da ma'aikata ke ce wa bidje, ya san inda idon mutane ke fara sauka: albashi, man motoci, kwasar shara, gyaran kasuwa. A kan waɗannan ne ake tayar da jijiyar wuya. Amma can ƙasa, tsakanin kuɗin takardu da na wayar tarho, akwai wani ɗan layi da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, shi ne na kuɗin shari'a da ladan lauyoyi. A karanta shi da sauri, a gyaɗa kai, a wuce. To, a kan wannan ɗan layi muke son mu tsaya a wannan mako, domin a ganinmu ƙaramar ƙofa ce wadda manyan kuɗi ke iya fita ta cikinta ba tare da kowa ya ji motsi ba.

A je babbar kasuwar Maraɗi a tambayi mai shago: wane ne lauyan birninku? A je Damagaram a yi wa malamin lakwal wannan tambaya, a yi wa mai sayar da albasa a Tawa, a yi wa ma'aikacin asibiti a Yamai. Da wuya a samu wanda zai amsa. Alhali kuwa su ne masu biyan wannan lauya, daga lanho da patanti da tikitin kasuwa da ake karɓa a hannunsu. Mutum ya ɗauki ɗan ƙwadago, yana biyan shi, amma bai san sunansa ba, bai san ladansa ba, bai san aikin da ya yi masa ba: in a gidan ɗayanmu ne, ai sai a ce maigidan nan ya saki ragamar gidansa.

Me ke kai birni kotu?

Dokar da ta tsara ƙananan hukumomi a Nijar, mai lamba 2010-54 ta ranar 17 ga Satumba 2010, ta ɗauki kowace ƙaramar hukuma tamkar mutum a gaban shari'a: tana da dukiyarta, tana da kasafinta, tana iya kai ƙara, ana iya kai ta ƙara, kuma magajin gari ne ke tsaya mata a kotu. A wannan shekara ce aka ba birane huɗu matsayi na musamman, aka raba Yamai gunduma 5, Damagaram 5, Maraɗi 3, Tawa 2. Duk inda hukuma ke yanka filaye, tana ba da kwangila, tana ɗaukar ma'aikata, tana karɓar haraji, to babu makawa wata rana sammaci ya iso ƙofarta.

Babbar uwar rigingimu ita ce ƙasa. Birni na faɗaɗa, yana cin gonakin da mutane suka gada kaka da kakanni. Dokar 1961 kan karɓar fili domin amfanin jama'a, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta ce a biya mai fili diyya ta adalci kafin a karɓa. In aka yi gaggawa aka tsallake wannan mataki, magada za su tafi kotu, ko bayan shekara goma ne. Ga kuma fili ɗaya mai takarda biyu, kowa da hatimin ma'aikatar magajin gari a hannunsa. Ma'aikatan da aka ba filaye a madadin bashin albashinsu a farkon shekarun 2000 ba sa bukatar a gaya musu nisan da ke tsakanin takarda a aljihu da fili a ƙasa. Bayan ƙasa sai ɗan kwangilar da ya gina aji ko ya kwashe shara aka bar shi yana zarya, sai ma'aikacin da aka sallama ba bisa ƙa'ida ba, sai ɗan kasuwar da aka rushe wa shago alhali yana riƙe da takardar izini da rasit na kuɗin da ya biya.

Saboda haka kada wani ya fahimce mu a karkace. Ba mu ce birni ya daina ɗaukar lauya ba. Birnin da ya shiga kotu ba shi da mai kare shi, alhali abokin shari'arsa ya zo da ƙwararren lauya, kamar wanda ya shiga filin kokawa ne da hannu ɗaure. Lauya mai gaskiya da sanin aiki yana iya ceto wa birni filin makaranta ko na maƙabarta da wani ya yi niyyar haɗiyewa, kuma ladansa halal ne. Tambayarmu ita ce: ta wace hanya aka zaɓe shi, a kan wane sharaɗi, kuma wa ke duba abin da aka biya shi?

Cinikin da ba shi da farashin gwamnati

Aikin lauya a ƙasar nan yana ƙarƙashin dokar 2004 da kuma ƙa'idar bai-ɗaya da ƙasashen UEMOA suka amince da ita a 2014. Lauya ba ma'aikacin gwamnati ba ne, kuma ladansa ba shi da wani farashi da aka rubuta aka manna a bango kamar na tambarin takarda. Jituwa ce tsakaninsa da mai ɗaukarsa. In saɓani ya taso a kan kuɗin, shugaban ƙungiyar lauyoyi, wanda ake kira batoniye, shi ake fara kai wa kuka. Wannan tsari yana da kyau idan ɗan kasuwa ne ke ciniki da kuɗin aljihunsa, domin shi zai taya, ya rage, ya tashi kamar zai tafi, a kira shi ya dawo. Amma wanda ke ciniki da kuɗin jama'a, wa zai sa shi ya yi gumi wajen neman ragi? Da tuwon wani ba a jin nauyin yi wa baƙo malmala biyu.

A ƙara da cewa mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune. Daga Yamai zuwa Maraɗi ya haura kilomita 600, zuwa Damagaram ya kusa 900. Kowane zaman kotu yana nufin kuɗin mota ko na jirgi, da masauki, da abinci. In aka ɗage shari'a, kuma mun san ana ɗagewa, sai a sake lissafi daga farko. Wani lokaci kuɗin tafiye-tafiye kan kamo ladan aikin kansa. Idan yarjejeniya ba ta fayyace wa ke ɗaukar wannan nauyi ba, da kuma iyakarsa, to an bar bakin buhu a buɗe.

Hanyoyi uku ne aka fi sani wajen biyan lauya, kowace da amfaninta da tarkonta. Ta farko, a yanka masa wani abu duk wata ko duk shekara, ko an yi shari'a ko ba a yi ba. Amfaninta, birni ya san abin da zai kashe tun farkon shekara, kuma yana da wanda zai tuntuɓa kowane lokaci. Tarkonta, tana iya zama albashin zaman banza ga ɗan'uwa ko abokin siyasa. Ta biyu, a biya shi a kan kowace shari'a. Amfaninta, ba a biyan sai an yi aiki. Tarkonta, yawan shari'o'i da tsawonsu sun zama riba, sulhun da zai kashe magana cikin mako guda ya zama hasara ga mai ba da shawara. Ta uku, a ƙara masa wani kaso daga abin da ya ƙwato wa birni ko ya hana a ci shi. Amfaninta, tana sa himma. Tarkonta kuwa ya fi na sauran zurfi, bari mu yi lissafi a gani.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani ya kai birni ƙara yana neman miliyan 200 na sefa, alhali kowa ya san haƙƙinsa bai wuce miliyan 20 ba, sauran duk cika baki ne irin na mai ƙara. Kotu ta ba shi miliyan 20 ɗinsa. Idan yarjejeniya ta ce lauyan birni na da kashi 10 cikin 100 na abin da ya “ceto”, to za a ce ya ceto miliyan 180, ladansa miliyan 18. Birni ya biya 20 can, ya biya 18 nan, kuma a tashi ana murnar an yi nasara! In tikitin kasuwa dala ashirin ne, wato sefa 100, sai an yanka tikiti 180.000 kafin a haɗa wannan lada. A tuna da mai tallar ƙosai da mai faskare da ake tsayar da su da sassafe saboda wannan dala ashirin.

Kuma a lura daga wane aljihu kuɗin ke fita. Dokar 2010 ta ce a cire aƙalla kashi 45 cikin 100 na kuɗin shiga na yau da kullum a kai su ga ayyukan gina gari. Abin da ya rage shi ne na tafiyar da ma'aikata, kuma a cikinsa ne ladan lauya ke zaune kafaɗa da kafaɗa da albashin masu shara da man motar kwasar juji. Duk jaka ɗayan da ta ƙaru a nan, daga bakin wani aka cire ta.

Na birni ne, ko na magajin gari?

Ga inda gizo ke saƙar. Magajin gari ne ke sa hannu a takardar ɗaukar lauya, shi ke kiran sa a waya, shi ke ba da umurnin a biya shi. Ba abin mamaki ba ne idan a hankali lauya ya fara ganin cewa wannan mutum shi ne mai gidansa. Alhali wanda ya ɗauke shi a gaban doka shi ne birni, wato mu duka. Galibi bukatar birni da ta shugabansa hanya ɗaya suke bi. Amma akwai ranar da suke rabuwa: ranar da aka gano cewa shugaban ne da kansa ya sayar da filin da aka keɓe wa makaranta, ko ya ba da kwangila ba bisa ƙa'ida ba. A wannan rana amfanin birni shi ne a tona, amfanin shugaba shi ne a rufe. Lauyan da aka zaɓa a ɗaki, don zumunta ko don jam'iyya, wanne zai bi? Kuma idan aka tuhumi shugaba da laifin da ya aikata don aljihunsa, da wane dalili talakan da aka cuta zai biya mai kare wanda ya cuce shi?

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma duk mai shiga kotuna ya san yana yiwuwa: shari'ar da aka shirya domin a faɗi. Ba sai an ba alƙali ko dala ba. Ya isa a ƙi halartar zama, ko a ƙi kawo takardar da za ta wanke birni, ko a bar wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce, domin kwanaki ne ƙidayayyu, in sun wuce sun wuce. Sai hukunci ya tabbata, a zo a ce wa jama'a: “Kotu ce ta yanke, ba yadda za mu yi.” Ba mu ɗora wa kowa wannan laifi ba. Abin da muke cewa shi ne, tsarin da ba ya tilasta a nuna wa kowa jerin shari'o'i da yadda kowace ta ƙare, ya bar wa ɓarawo ƙofa, ya kuma bar mai gaskiya cikin zargi.

Sannan shari'a ta fi kujera tsawon rai. A dubi Yamai kaɗai: an sauke magajin garinta a 2013, an sake sauke wani a 2017 aka naɗa kwamitin riƙo, aka dawo ga zaɓaɓɓe a 2021 bayan zaɓen Disamba 2020, sannan a watan Afrilu 2024 aka rushe majalisun birane da na ƙananan hukumomi da na jihohi a ƙasar baki ɗaya, aka naɗa masu riƙo. Rigimar fili ɗaya tana iya ganin duk waɗannan shugabanni. Idan kowane sabon shugaba ya zo da nasa lauya, tsohon ya tafi da dosiye a jakarsa yana jiran a biya shi bashinsa, to wa ya san abin da ake bin birni da abin da birni ke bi? Abokin shari'a shi bai canza ba, takardunsa na nan a jere. Birni ne kullum ke farawa daga baƙi.

Abin da ya sake a 2024

Wani zai ce: to, in an ci birni a kotu, sai me? Ai ba a kama motar hukuma. Lalle haka ne. Nijar na cikin ƙasashen da suka sa hannu a yarjejeniyar OHADA ta daidaita dokokin kasuwanci a 1993, kuma dokar wannan ƙungiya ta 1998 kan karɓar bashi ta ba hukumomin gwamnati kariya daga kamun dukiya da ƙarfi. Wannan kariya ce ta sa wasu suka ɗauki hukuncin kotu tamkar takardar da za a jefa a aljihun tebur, a bar wa na baya. Ƴan kasuwa da yawa sun tsufa da irin wannan takarda a hannu.

To, an yi wa dokar gyara a Kinshasa a watan Oktoba 2023, gyaran ya fara aiki a Fabrairu 2024. Kariyar tana nan, amma an buɗe wata hanya: wanda ke riƙe da hukuncin da ya tabbata, ko takardar da hukuma ta amsa bashi a cikinta, yana iya aika gargaɗi a rubuce, in wata 3 suka wuce ba a biya ba, yana iya neman a shigar da bashin cikin kasafin wannan hukuma a matsayin kuɗin da tilas a biya. Ga ɗan kasuwar da aka daɗe ana yi wa “je ka dawo”, wannan albishir ne. Ga ma'aikacin birni kuwa gargaɗi ne, domin bashin da aka shigar da ƙarfi zai zauna a tukunya ɗaya da albashinsa. Shari'ar da aka yi wa riƙon sakainar kashi a bara tana iya zama dalilin da za a rasa man motar shara a baɗi.

Wanda ke ganin wannan tsoratarwa ce kawai, ya tuna da abin da ya samu gwamnatin ƙasa kanta. A 2011 ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Africard domin buga fasfo na zamani, daga baya ta soke ta. Kamfanin ya kai magana gaban masu sasantawa na kotun OHADA da ke Abijan, ya samu hukunci na miliyar da dama, ya shiga neman kama kadarorin Nijar a Faransa da Amurka. Sai a 2018 aka rufe maganar da sulhu. Darasin a fili yake: sa hannu ɗaya da sokewa ɗaya sun jawo wa ƙasa shekaru tana biyan lauyoyi a gida da waje. In haka ta faru ga mai raƙumi, mai akuya sai ya ɗaure tasa da kyau. Ita gwamnati ta kafa hukuma ta musamman mai kula da shari'o'inta a 2016. Birane fa, me suka tanada?

Hujjojin masu cewa a bar abin yadda yake

Adalci ne mu saurare su, domin ba duka maganarsu ce banza ba. Suna cewa lauya ba buhun siminti ba ne da za a ba wanda ya fi araha. Aiki ne na amana, mutum ba ya ba da sirrinsa sai ga wanda ya yarda da shi. Gaskiya ne, kuma ba mu ce a ɗauki mai araha ba. Mun ce a gwada mutum uku ko huɗu a kan sharuɗɗan da aka sanar tun farko: sanin dokar ƙasa da filaye, sanin dokar kwangila, irin shari'o'in da ya taɓa riƙewa, kusancinsa da kotun yankin, sannan farashi. Amanar kuma ta birni ce, ba ta mutum ɗaya ba. In shugaba ya yarda da wani, ya faɗi dalili a rubuce.

Suna cewa shari'a tana da sirri, in aka baje komai a faifai abokin gaba zai ji. Wannan ma gaskiya ne, amma rabinta. Dabarar da lauya zai bi a kotu sirri ce, shawarar da ya ba birni sirri ce. Sunansa ba sirri ba ne, tunda a bainar jama'a yake tsayawa da baƙar rigarsa. Adadin kuɗin da ya fita daga baitulmalin birni ba sirri ba ne. Hukuncin da alƙali ya karanta a zauren kotu ba sirri ba ne. Kada a fake da guzuma a harbi karsana.

Suna cewa sammaci ba ya jiran zaman kwamiti, wani lokaci kwana kaɗan ake ba ka. To, ai shi ya sa ake haƙa rijiya tun kafin ƙishirwa. A zaɓi lauyoyin tun farkon shekara, a yi jituwa a kan farashi cikin natsuwa. Ranar da sammaci ya zo, sai kiran waya kawai. Wanda ya tafi ciniki wuta na cin gidansa, abin da aka faɗa masa shi zai biya.

Abin da muke ba da shawara

Na farko, kada a biya lauya ko dala sai da yarjejeniya a rubuce, mai faɗin aikin, da hanyar biya, da iyakar kuɗin tafiya, da wa'adinta. In akwai kaso a kan nasara, a lissafa shi a kan kuɗin da suka shigo asusun birni da gaske, kuma a sa masa iyaka. Ma'ajin birni, wanda doka ta raba aikinsa da na mai ba da umurnin kashe kuɗi, ta kuma ɗora masa alhakin abin da ya biya, yana da damar ya ce a kawo masa wannan takarda da shaidar aikin da aka yi kafin ya buɗe akwati. Ya yi amfani da damarsa.

Na biyu, a raba layin nan gida biyu a cikin kasafi: ladan lauyoyi daban, tanadin biyan hukunci daban. A haɗa kasafin kowace shekara da jerin shari'o'in da ke gaban kotu: wa ya kai ƙara, a kan me, nawa yake nema, ina aka kwana, wane lauya ke riƙe da ita, nawa aka biya shi zuwa yanzu. Kasafin da ya ɓoye bashin da ke tafe, daidaituwarsa ta takarda ce kawai. A manna wannan jeri a allon ma'aikatar magajin gari, a karanta shi a gidajen rediyo da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu.

Na uku, lauyan da ke kare birni ya bayyana a rubuce cewa ba ya kare wani ɗan kwangila ko dillalin filaye da ke da rigima da birnin. Ƙa'idar aikinsu ma ta hana mutum ɗaya ya tsaya wa ɓangarori biyu masu jayayya. Haka kuma kuɗin birni ba za su kare shugaba a kan laifin da ya yi don kansa ba.

Na huɗu, duk sulhun da ya haura wani adadi, da duk shawarar barin ɗaukaka ƙara, kada mutum ɗaya ya yanke su. A rubuta dalili, a sa hannun fiye da mutum guda, a ajiye. Dosiye kuma mallakar birni ce: kowace takarda a ajiye kwafinta a ma'aikata, a miƙa ta ga sabon shugaba ranar karɓar aiki kamar yadda ake miƙa makullan motoci.

Na biyar, kuma shi ne mafi araha: kowane babban birni ya ɗauki masanin doka nasa na dindindin, wanda zai karanta kowace kwangila da kowace takardar fili kafin a sa hannu. Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da jami'ar Tawa suna yaye matasa masu ilimin doka, da yawansu na zaune ba aiki. Albashin ɗayansu na shekara bai kai abin da shari'a ɗaya da aka faɗi ke ci ba. Rigakafi ya fi magani. Ƙananan hukumomin karkara da ba su da wannan ƙarfi suna iya haɗa kai, biyar ko goma, su ɗauki mutum ɗaya, kamar yadda ƙauyuka ke haɗuwa a kan rijiya guda.

Ya ku masu karatu, tun babban taron ƙasa na 1991 ƴan Nijar ke neman abu ɗaya: wanda ya riƙa dukiyar jama'a ya faɗi yadda ya yi da ita. Domin wannan ne aka yi zaɓen ƙananan hukumomi na 24 ga Yuli 2004, don talaka ya ga inda lanhonsa ke tafiya. Lokacin da majalisa ke zaune, ko ba komai akwai ɗan adawa guda da zai ɗaga hannu ya ce: “Wannan kuɗi na mene ne?” Duk lokacin da babu majalisa, nauyin ya ninka a kan wanda aka naɗa, domin shi ke tsarawa, shi ke zartarwa. Mai riƙon da ya san hannunsa tsarkakakke ne ba ya hasarar komai in ya buga jerin nan. Kariya ce ma gare shi ranar da masu bincike za su zo, domin kujera aro ce.

Ku kuma ƴan kasuwa da ƙungiyoyin ƙwadago, kada ku jira sai an ce babu kuɗin albashi ko an ƙara kuɗin rumfa kafin ku buɗe baki. Ku rubuta takarda cikin ladabi, ku kai ma'aikatar magajin gari, ku yi tambaya uku: wane ne lauyanmu, nawa muka biya shi bara, shari'a nawa ke kanmu? Wanda ke da amsa zai bayar cikin mako guda. Wanda ya yi shiru kuwa, shirun nasa ma amsa ce, kuma shafukan wannan jarida a buɗe suke ga duka biyun.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambaya.